Kafin a Juya Zalɓe Kai Ƙasa

Daga Gent, cikin azumin da ake yi gabanin Ista.

Zuwa ga yayana Gillis, a Lisbon ko duk inda takardar nan ta riske ka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, ya kiyaye ka daga sharrin teku da zazzaɓin ƙasashen zafi. Mu nan lafiya lau, in ban da tarin da ya addabi yara da sanyin bana. Ɗana Lieven, da ka bari yana rarrafe, yanzu har doki yake hawa. Sai dai ka yi haƙuri, Yaya, Baba ya rasu bayan Kirsimeti. Bai sha jinya ba, kuma har ya cika yana tambaya ko jirginku ya iso.

Abin da ya sa na rubuto, Allah ya sani kaina ya ɗaure. Ka san al'ada: in namiji na ƙarshe a zuri'a ya mutu, sai a fasa garkuwarsa ta katako a bakin kabari, a kuma juya tambarin dutsen da ke saman ƙofa kai ƙasa, duk mai wucewa ya san gida ya ƙare. To ranar jana'iza mai shela ya ɗaga garkuwar Baba, mai tambarin gidanmu, farin zalɓen nan a kan shuɗi, ya tsaya yana kallona. Domin wani matuƙin jirgi ya ce bara ya sha giya da kai a Lisbon, har gemunka ya yi furfura. Wani ɗan kasuwa na Brugge kuma ya ce da hannunsa ya zuba maka ƙasa a tsibirin Madeira. Dukansu sun dafa gicciye sun rantse! Ni ban san lokacin da na fizge garkuwar na cusa cikin mayafina ba. Gwaggo Margriete ta ce na kunyata su gaban rayayyu da matattu, wai ko mai tallar kifi ba ta kokawa a maƙabarta.

Tun daga ranar ban huta ba. In ka mutu, gidan nawa ne, kuma tambarin dangin maigidana Anselm, mabuɗai biyu, shi ne zai hau ƙofa. Shi bai ɗaga mini murya ba, tambayata kawai ya yi a hankali ko laifi ne Lieven ya gaji gidan kakansa. Me zan ce masa? Ɗana ne fa. Amma sai na shiga babban zaure na ɗaga kai. Tun daga kakan kakanmu da ya gina gidan bayan ya dawo daga yaƙi, duk amaryar da aka kawo an zana tambarin gidansu a jikin gungumen rufi kusa da zalɓe: hasumiya, taurari, har furannin Inna. Daga nan sai fili. Baba ya hana a taɓa wurin, ya ce na matarka ne.

Makon jiya Anselm ya kira Wouter magini ya ciro dutsen ƙofa. Na tsaya gindin tsani na ce ba za a juya ba, Anselm kuma ya ce ba za a mayar yadda yake ba. Wouter ya sosa ƙeya ya ce mu taimake shi mu shirya, shi dai tun da yake bai taɓa kafa zalɓe a kwance ba, kuma bayansa ya kusa karyewa. Yanzu dutsen na nan a soro kan ciyawa, saman ƙofa rami ne. Matan kasuwa in sun gan ni sai su tambaya ko tsuntsun namu ya tafi kamun kifi ne. Ina dariya, amma abin yana ci mini rai.

Dattawan gari sun ba mu wa'adi zuwa Ista. In babu labari, za a juya dutsen, a yi maka addu'ar matattu, kuma ni za a sa in kunna kyandir. Yaya, ban san abin da zan roƙa ba. In na roƙi Allah ka dawo, na raba ɗana da gida. In na yi shiru, na binne ka da hannuna alhali wataƙila kana can kana cin abinci.

Gwaggo Margriete tana gaishe ka duk da fushinta, haka Anselm da Lieven da ƙanwarsa Aleid. In kana raye, don Allah ko zobenka ka aiko. In kuwa wani ne ya buɗe takardar nan, bawan Allah, ka taimaka ka faɗa mini gaskiya. Har yau ban yi wa yayana kuka ba, don ban sani ba ko ya halatta.

Ƙanwarka mai jiranka,
Lijsbet