Ban Taɓa Taka Hatta Ba

Anti Mahfuza, don Allah ki cece ni kafin Asabar.

Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata huɗu a Dubai ina dama fura a flat ɗinmu na unguwar Port Saeed da ke Deira, 'yan'uwa suna saya. Da farko da yogot ɗin kanti nake yi, duk wanda ya kurɓa sai ya ce ba creamy ba ne. Wani kauri yake nufi, wani maiƙo, wata kuma santsi a harshe, na rasa na wa zan bi. Sai na koma haɗa madarar gari da kirim na gwangwani, in bar shi ya kwana. Ya fito kamar na ruga. Da aka tambaye ni sirrin kunya ta kama ni, jikar Fulani guda a ce madarar gari? Bakina ya suɓuce na ce nonon shanu ne daga wata gona a garin Hatta.

To aminiyata Suwaiba, wadda ta riƙe ni wata uku a ɗakinta lokacin da na rasa aiki, tana da cikin fari, ba abin da ke zauna mata sai furata. Mijinta ya yi hayar mota, ranar Asabar zan kai su gonar su sayo mata na ɗumi. Anti, ban taɓa taka Hatta ba. Tsoron rasa ta nake ji. In ce zazzaɓi ya kama ni, ko in ce mai gonar ya rasu?

Mai Ludayi, Deira

Mai Ludayi, ki bar bawan Allah da ba a halitta ba, kada ki kashe shi.

Na gane kunyarki. Ba ki sa wa kowa abin cutarwa ba, kuma haɗin nan gwanintar hannunki ce. Amma mai ciki tana da haƙƙin sanin abin da take sha, ko likita zai tambaye ta. Kada ki jira Asabar, kada ki aika saƙon waya. Gobe ki ɗauki madarar da gwangwanin ki je ɗakinta, ki haɗa a gabanta, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi, kada ki kare kanki. Masu sayenki ma su ji gaskiya daga bakinki.

Wadda ta buɗe miki ƙofa ba ki da ko ludayi, ba don shanun Hatta ta yi ba. Allah ya sauke ta lafiya, ya sa ke ce za ki dama furar suna.