Awa Goma Sha Huɗu Zuwa Gare Ki

Bok-rye, uwar Gyong-e, hasken gaɓar tsibirin Wando, ruwan daɗina a tsakiyar ruwan gishiri!

Shugaban ƙauye ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Shekara tara ke nan da kika ɗaure busasshen ganyen teku, kika tafi Atlanta dafa wa 'yarmu miyar jego. Kin tuna bakin jirgin ruwa? Kika ce, "Tsoho mai kan dutse, ka biyo ni kafin ganyen nan ya ƙare." Na ce wa zai yi wa iyayena bikin tunawa, tunda ranakun mutuwarsu a kaina kaɗai suke?

Ƙarya ce rabinsa, farin watana. A lokacin tikitin da aka samo mini sai an sauka Tokyo an canza jirgi, ni kuwa ban san baƙin rubutu ba. In tsaya cikin dubban mutane ina kallon alluna kamar saniya? Kunya ta hana ni faɗa.

Daga baya surukinmu ya buga waya. Wai Baba, ga jirgi mai tafiya kai tsaye, a rufe ƙofa a filin jirgin Incheon, a buɗe a Atlanta. Ba sauka, ba ɓatan kaya, ba allon karantawa. Na tambayi injinsa nawa, ya ce biyu, ko ɗaya ya tsaya ɗayan zai kai shi ƙasa lafiya. Na yi masa tsawa: ni da inji ya mutu mini a tsakiyar teku za a koya wa inji? A kawo mai huɗu! Kika karɓi wayar kina dariya: "Kwalekwalenka mai inji nawa ne?"

Wayyo ni! Jirgi ya gajarta hanya, ni na tsawaita ta. So nake ke ki fara dawowa, kada a ce a ɗakin hirar tsofaffi ni Pan-sul na sauko daga maganata. Me na ci a ciki? Furen kameliyarki ya zuba sau tara, ni ke sharewa.

Yanzu likita ya ce jikinki ba zai ɗauki tafiya ba. Shekaranjiya Gyong-e ta kara miki waya a kunne, na kira ki, kika gaishe ni da ladabi irin na baƙo, kika tambayi wa nake nema. Shekara hamsin da shida, Bok-rye! Launin rigarki ranar aurenmu, waƙar da kike yi kina shanya ganye, duk suna nan wurina. Wa zan ba?

Ranar Laraba zan hau, mai inji biyun. Ban sa rai ki gane ni ba, na makara. Ki dai bar ni in zauna gefen gadonki. Zan faɗa miki sunana. Gobe in kin manta, in sake faɗa.

Naki har a haɗa mu rami ɗaya,
Gwak Pan-sul