Agogon da Na Zare wa Layi

Gwandu, ran Talata.

Zuwa ga ɗana Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Asma'u da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafata ta hagu da ta kumbura ta yi turmi. Na san labarinta ya riga takardar nan isa Kalgo, tunda innarku ba ta iya riƙe magana ba.

Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai aya. Aji huɗu na yi a firamare, saboda haka ka karanta kawai, ba maki na ce ka ba ni ba.

E, na faɗa rijiyar lambu. E, ni na zare layin da ke cikin agogon da ka saya mini, da allurar innarku na zaƙulo shi. Amma ka tambayi kanka dalili. Likita ya ce in riƙa tafiyar ƙafa kowace safiya saboda hawan jini, na yarda. Kai kuma ka ɗaura mini abin da ke magana a hannu. Ina zaune a majalisa cikin sa'o'ina, sai hannuna ya ɗau ƙara, muryarka ta fito kowa na ji, wai Baba ka sha magani, Baba fitsarin ya ragu? Tun ranar har mai shayi in ya gan ni sai ya tambaye ni ko ya ragu. Shekara sittin da bakwai ina tara mutunci, ka ɓarar da shi cikin minti ɗaya.

Ran Asabar na fita da sassafe ta hanyar Masama, na ratsa lambunan albasa don in rage nisa. Wani ya rufe bakin rijiya da kara, na taka, sai ga ni a ƙasa, ruwa iya ƙugu. Wayata na gida, tunda kai ka ce mai agogo ba ya bukatar ta. Na danna wurin neman agajin da ke jikin agogon har yatsana ya yi tsami. Abin da wanga agogo ya yi mini shi ne ya gaya mini zuciyata na bugawa ɗari da talatin da biyu, kamar ban sani ba, ya kuma taya ni murnar cika taku dubu uku. Har hantsi ya dubi ludayi ina kururuwa.

Ka san wanda ya leƙo? Ɗalha. Mutumin da shekara tara ba mu gaisa ba saboda mangwaron kan iyakar gonakinmu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce halan ta ƙarƙashin ƙasa na zo auna iyakar. Ya kira masu ban ruwa suka jawo ni, ya ɗora ni bisa jakinsa kamar buhu, ya bi da ni ta tsakiyar gari alhali ga hanyar baya. Ko godiya ban yi masa ba.

Yanzu innarku ta ce kana shirin kwashe ni zuwa Kalgo ka ajiye a ɗakin baƙi. To ka ji da kyau: ba ni zuwa. A gidan nan aka yanke cibiyata. Ba zan zauna inda matarka za ta riƙa auna mini gishiri da cokali ba.

Ka gaida yara. Kai kuma na gaishe ka iya abin da ya wajaba.

Mahaifinka,
Namadi

Gwandu, ran Lahadi.

Sirajuddeen,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Ƙafa ta saɓe, ina takawa da sanda.

Saƙonka ya iso, shafi biyu na faɗa, har da ja mini layi a ƙarƙashin wasu kalmomi. Ka ce da layin na ciki da tuni an cece ni. To, malam mai digiri, na mayar da layinka, na hau ɗan acaba jiya har bakin rijiyar, na tsaya na kira ka sau biyar. Ka ji kira? Ko sanda ɗaya ta sabis babu a kwarin nan, balle a cikin rami. Na yi murna ƙwarai har na dawo gida, sai na tuna abin da hakan ke nufi: da layi da babu layi, da Ɗalha bai bi ta wurin ba da yanzu ana zaman makokina.

Sharaɗinka na gani: ko in sami abokin tafiya kullum, ko mota ta zo ta ɗauke ni ran Juma'a. Na zagaya majalisa. Sule gwiwa ta hana shi, Abdulbaƙi ya ce shi ko jana'iza ce sai da babur. Duk garin nan tsoho ɗaya ke bin hanyar da ƙafa kowace safiya, kuma ka san shi, tunda na ji ka kira shi ka yi masa godiya a bayan idona, har ka roƙe shi ya riƙa raka ni. Wa ya aike ka? Ni aka jawo daga rijiya ko kai?

Ɗalha ya aiko matarsa Delu wurin innarku da amsa. Wai ya yarda mu riƙa fita tare, shi ma likita ya sa shi, amma godiyar ɗa ba ta shafe shi ba. Sai na je ƙofar gidansa da ƙafata, na yi sallama, na faɗa da bakina. Maganar mangwaro kuma wai kada in ɗauko ta, don bai canza ra'ayi ba. Ni ma ban canza ba.

Kada ka turo mota. Gobe bayan la'asar zan je. Tun safe nake gwada kalmar a bayan gida, in na kai "na go" sai tari ya sarƙe ni. Innarku na dariya har da riƙe ciki. In Allah ya sa ta fita, ka sani ba don kai ba ne, kuma ba don shi ba. Don kada in kwana a Kalgo ne.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ɗa mai kiranka a gaban jama'a.

Mahaifinka,
Namadi