Tunkiyar da Ba a Yanka Ba a Tabla

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara shida da rasuwarki, amma har yau in abu ya tsaya mini a rai, ke nake fara gaya wa.

Na yi abin da ban san yadda za ki ɗauke shi ba. Na tsaya gaban 'yan lakwal, ɗaliban makarantarmu, na ce musu aikin da kika yi duk rayuwarki yana iya kashe mutum.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen damina labari ya zo cewa wani ciwo ya shiga bisashe, tumaki suna ta ɓari, mutanen da suka taɓa jini ko ruwan haihuwa suna kwantawa, wasu ba su tashi ba. Zazzaɓin Rift ake ce masa. Malamar kimiyya ta kolej ɗinmu nan Filinge tana jego, sai darakta ya ce ni, mai kula da ɗalibai, in yi musu bayani. Kin san halina. Kwana uku ina shiri. Na zana sauro da tunkiya da mutum a allo, na ja kibiyoyi da rula. Suka kwafe tsaf, suna hamma.

Washegari na ajiye alli. Na tambaya ko akwai wanda aka taɓa yanka tunkiya marar lafiya a gidansu don kada ta zama mushe. Kowa ya ɗaga hannu. Na sa wata yarinya ta ba da labarin ta gidansu, duk mutumin da ta ambata ɗalibi ɗaya ya miƙe a madadinsa. Masu riƙe ƙafa, mai wuƙa, mai fiɗa, matan da suka wanke kayan ciki, wanda ya kai fata wurin majemi, gidajen da aka aika wa ɗanyen kaso. Kafin ta gama, na zaune ba su wuce biyar ba. Wani daga bencin baya ya ce, "Malam, ashe ciwon ya san hanyar gidan dangi." Ba wanda ya yi dariya.

Ke na tuna, Inna. Akuyar kowa ta kasa haihuwa, ke ake kira. Ki cire awarwaro ki sa hannu har gwiwa, kina cewa, "Bisa ba ta da baki, hannunka ne bakinta." Na koma gida kamar wanda ya kai ƙararki.

Takwararki tana cikin ajin nan, ɗiyata ta fari, kuma hannunki gare ta. Da aka soma girbin hatsi ta tafi Tabla wurin Yaya Mamman. Ran Lahadi matarsa Hajo ta kira ni: tumaki biyu sun yi ɓari, ta uku ta kwanta. Sai waya ta katse. Na shiga motar da na fara samu. Duk hanya ba abin da nake gani sai hannun yarinyar nan.

Na tarar da rami a bayan gida, an rufe da ƙaya. Yaya yana gindin aduwa, da ƙyar ya amsa gaisuwata. Ya ce, "Ka aiko mini likita 'yar shekara goma sha huɗu, ta fi ni iko da tumakina."

Hajo ce ta ba ni labari. Da Yaya ya ce a yanka tunkiyar da ta kwanta, yarinyar ba ta yi musu da baffan nata ba. Wurin mata ta tafi, ta sa suka lissafa kamar yadda muka yi a aji, har aka zo kan mai wanke hanji. Hajo ta ce, "Ni dai ba ni ba." Maƙwabta ma haka. Yaya ya tsaya da wuƙa, ba mai miƙo ƙwarya. Tunkiya ta mutu, aka ja ta da igiya zuwa ramin, 'yan tayin aka kwashe da shebur.

Likitan dabbobi ya ɗebi jinin sauran, har yanzu ba amsa. Wataƙila ma ba ciwon ba ne. Wataƙila na sa Yaya asarar nama a banza, kuma kullum sai na rubuta haka a littafina. Amma yau kwana goma sha huɗu, ba wanda jikinsa ya yi zafi a gidan. Jiya Yaya ya aiko da damin hatsi, ya ce a ba ƙaramar likita, takwararki.

Abu ɗaya Hajo ta ƙara. Takwararki ba ta bar tunkiyar ita kaɗai ba. Ta zauna nesa kaɗan, ta naɗe hannayenta cikin hijabi don kada su kai da kansu, tana yi mata magana a hankali har ta cika.

Ki yafe mini, Innata. Ba ki sani ba, mu ma sai yanzu muka sani. Allah ya kai haske kabarinki, ya saka miki da kowane rai da kika fid da, ya tsare mana yaran nan da bisashenmu. Amin.

Ɗanki da bai daina kewarki ba,
Idi