Fankar Motar Babanki

Tukuyu, Litinin

Zuwa ga ’yata Tumpe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da zafin Dar es Salaam. Mu lafiya lau, sai dai motar babanki.

Fankar lagireto ta mutu. Duk da haka kullum sai ya ɗauki ayaba zuwa kasuwar Uyole. A kowane hawa sai motar ta tafasa, ya tsaya ya buɗe murfi ya ɗura ruwa. Jiya tururi ya ƙone masa hannu, saura kaɗan ido. Na yi magana ya ce, “Mama Tumpe, ke tuwon ugali kika sani, ba inji ba.”

Gwakisa bakanike ya ce a sayo fankar lantarki mai jawo iska daga baya, ba mai turawa daga gaba ba. Lambobin da ya faɗa sun fi ƙarfina, ni da na koyi biro da furfura. Don haka na auna faɗin lagireton da zaren ulun da nake saƙa, ga shi cikin ambulan. Ki sayi daidai shi. Ki hanzarta, kafin mutumin nan ya dafa kansa.

Mamanki,
Atupele

Tukuyu, Asabar

Tumpe,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake. Fanka ta iso, ta fi wurinta da yatsu huɗu. Gwakisa ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Mama, wannan ai ta tirela ce!” Ashe a shago kun ja zaren da ƙarfi kuka auna. Ke da digirinki ba ki san ulu yana miƙewa ba?

Babanki kuwa murna yake, wai babba ta fi sanyi. Ya ɗauko zarto zai yanke mata gefe, ya ɗaure ta da waya, ya hau hanya jibi, da hannun da har yanzu yake naɗe.

To, da ya tafi coci gwajin waƙa, na sa Gwakisa ya kwance lagireton gaba ɗaya. Gobe ni da lagireton da fankarki za mu hau bas zuwa wurinki, a gwada a shagon a gaban idona. Babanki ya tuƙa abin da ya rage in zai iya.

Ki tare ni a tasha. Lagireton yana da nauyi, kuma yana ɗiga.

Mamanki,
Atupele