Saƙon da Na Tura da Wayar Babanmu

Assalamu alaikum, Gwaggo Turai. Don Allah ki taimake ni ki karanta wannan takarda har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Ban iya taƙaita labari ba, kuma babu wanda zan iya kallon idonsa in faɗa masa wannan abu. Shekaruna goma sha huɗu, bara na gama firamare. In kin ga kuskure a rubutuna ki yi haƙuri.

Babanmu bakaniken babur ne a Batsari. Garejinsa a ƙofar gidanmu yake, jikin tagar ɗakin Innarmu, saboda haka tun ina rarrafe nake jin kukan inji. Ba na fita wurin, kunya nake ji. Amma ta taga ina jin yadda babur yake kuka in an kawo shi, ina jin abin da Baba ya ce yana damunsa, ina kuma jin yadda yake kuka bayan an gyara. A haka na iya, ba wanda ya zaunar da ni.

Wanda ya koya wa Baba aiki shi ne Baba Maude na Safana. Shekara tara Baba ya yi a hannunsa, a gidansa yake ci yake kwana, kuma shi ya karɓa masa auren Innarmu. Da aka haife ni sunan mahaifiyar Baba Maude aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. In ya zo gidanmu, dattijo da furfurarsa, sai ya russuna da wasa ya ce ya zo gaida uwarsa, ni kuwa in ruga bayan ƙofa.

To, bakanikan Batsari da Safana da ƙauyukansu suna da zaure a WhatsApp, sun kusa ɗari biyu. Baba ne ya buɗe shi kuma shi ke shugabanta. In gyara ya gagari mutum, sai ya tada babur ɗin ya ɗauki ƙararsa ya turo, manya su saurara su faɗa masa ciwon. Yana da amfani sosai, don kin san hanyoyinmu ba kullum suke biyuwa ba. Wanda yake ƙauye irin Babban Duhu ba sai ya jawo babur zuwa gari ba. Baba yana karanta Alƙur'ani da ajami amma bai yi boko ba, shi ya sa da murya yake tura saƙo, ni kuma in karanta masa na rubutu. Kuma ba ya fara magana sai ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, da iyali da aiki da ruwan sama, har ana tsokanarsa wai gaisuwarsa ce ke cinye wa mutane data.

Sati uku da suka wuce, ranar Laraba, Baba ya tafi gonarsa a ƙauyen Darini ya bar wayar a caji. Sai wani bakanike da ake kira Jafaru, a Zakka yake, ya turo ƙarar wani babur. Baba Maude ya saurara ya ce kwanrod ne, wato ƙarfen da ke can cikin inji, sai an sauke injin gaba ɗaya. Kowa ya ce Baba Maude ya faɗa, magana ta ƙare. Ni kuwa na kara wayar a kunne na saurara sau biyar. Gwaggo, kukan kwanrod mai nauyi ne, daga ƙasa yake fitowa kamar ana daka a turmi. Wannan siriri ne, daga sama, kamar keken ɗinki. Bawul ne ya saki, wani ɗan ƙarfe da ke can saman inji, aikin da bai kai dahuwar shayi ba. Jafaru ya ce da ya yi azahar zai fara kwance injin, ga shi mai babur ɗin da shi yake kai taki gona, in aka sauke sai ya yi kwanaki ana jiran kaya daga Katsina.

Sai na rubuta: "Ba kwanrod ba ne. Bawul ne, a saita." Na tura. Ban yi sallama ba, ban gaida kowa ba. Wallahi ba raini ba ne. Tsoro nake in na tsawaita in yi kuskuren rubutu, kuma ni ko a baki haka nake, kalma biyu in gudu. Na manta cewa sunan Baba da hotonsa ne za su fito a kai.

Jafaru ya gwada, ƙarar ta ɗauke, babur ya koma lafiya lau, ya turo bidiyo yana ta godiya. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai wani ya rubuta wai Batsari na da ɗaya Safana na nema. Wani ya ce kunnen Baba Maude ma yana son sabis. Aka yi ta turo hotunan dariya. Da la'asar Baba Maude ya turo murya a hankali ya ce: "Yaron da na koya wa riƙon sifana yau ya nemi marubuci, don kada ya ɓata bakinsa da gaishe ni. Na gode." Ya fita daga zauren. Mutum goma sha ɗaya na Safana suka bi shi, yanzu sun buɗe nasu.

Da Baba ya dawo na miƙa masa wayar na tsuguna. Ya saurari komai, na karanta masa na rubutu har da nawa. Ya sake sa ƙarar babur ɗin. Ya tambaye ni ko ni na ji da kunnena ko wani ya faɗa mini, na ce ni na ji. Ya ce, "Bawul ne kuwa." Daga nan bai ƙara ce mini komai a kai ba, bai dake ni ba, bai yi faɗa ba. Da ma dukana ya yi.

Ya kira Baba Maude sau biyu ba a ɗauka ba, ya daina. Na ji yana gaya wa Inna cewa ba zai jefa sunan 'yarsa a bakin maza ɗari biyu ba, gara a kira shi butulu. Kuma ba zai fito ya ce kwanrod ne ba, don ƙarya ce. A zauren ma bai ce uffan ba, masu tsokana suna ta yi. Inna ta ce a bar wa lokaci. Amma ranar Juma'ar da ta wuce an yi sunan jikan Baba Maude, ba a aiko mana da goro ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Baba ya wuni a gareji yana goge filogin da ya riga ya goge.

Ni dai na san ban yi kuskure a kan injin ba, ko gobe aka sa mini wannan ƙara abin da zan ce ke nan. Amma ni na raba Baba da wanda ya raine shi. Na rubuta bayani a littafina, shafi ɗaya da rabi, cewa ni ce, Baba bai sani ba. Ina so in tura a zauren kowa ya gani, in ya so Baba ya yi mini duk abin da zai yi. In tura? In ba haka ba, me zan yi?

Taki,
'Yar Bakanike, Batsari

*

Wa'alaikumus salam, 'yata.

Kada ki tura. Rufe littafin nan tukuna. Abin da ya jawo wannan rigima shi ne kin yi magana da bakin babanki ba da saninsa ba, to kada ki nemi gyara ta hanyar sake yin haka. Ya zaɓi ya ɗauki sunan butulu don ya rufa miki asiri. In kika tura, kin watsar da abin da ya yi sati uku yana karewa, kuma masu dariya sun samu sabon abin yi: yarinya 'yar sha huɗu ta kayar da Baba Maude. Wannan zai fi na farko yi masa ciwo.

A kan inji kin yi daidai, kuma na ji daɗi da ba ki janye ba. Kin hutar da wani manomi. Laifinki shi ne wayar ba taki ba ce, kuma a sana'a irin ta babanki yaro ba ya gyara wa ubangidansa magana a gaban jama'a ko da ya yi furfura. Da babanki ne ya ji, da kiran Baba Maude zai yi a gefe ya ce ya sake saurara, dattijon ya dawo ya gyara da bakinsa. Babur zai gyaru, ba wanda zai ji kunya.

Ki tsaya a inda Baba Maude yake ki duba. Ba kuskuren ne ya ƙona shi ba, duk wanda ya yi shekara arba'in yana gyara ya san ƙarar waya tana yaudara. Abin da ya gani shi ne mutumin da ba ya tari sai ya gaishe shi, yau ya aiko masa da layi ɗaya busasshe, aka yi masa dariya, shugaban zaure kuma ya yi shiru. Shi ma yana da nasa laifin: babba ba ya yanke hukunci bai ji ta bakin ɗansa ba, kuma ƙin ɗaukar waya bai dace da shi ba. Babanki kuma ya yi kyau da ya kare ki, amma kira biyu bai isa shekara tara ba, kuma shirunsa a zauren ya yi kama da yarda. Uku kuka haɗu kuka ƙulla, sai dai bakin zaren yana hannunki.

Ki fara da gida. In ba za ki iya da baki ba, ki ba Innarki shafin nan da kika rubuta ku shiga wurin babanki tare, ki karanta masa. Ki ba shi haƙuri a kan taɓa wayarsa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya tafi da ke Safana. Abin da ya ƙi shi ne sunanki a bakin maza ɗari biyu. Bai ce ba za a faɗa wa mutum ɗaya a cikin gidansa ba.

Abin da waya ta ɓata ƙafa ce ke gyara shi. Ku je ranar da hanya ta yi kyau, ba ranar kasuwa ba, kuma gidan Baba Maude za ku nufa, ba gareji ba, inda yaransa za su kafa kunne. Ku riƙe goro da ɗan abin barka na jaririn da aka yi suna. Ki gaida dattijon cikakkiyar gaisuwa, wadda kika hana shi ranar nan. Ki ce ke kika rubuta, babanki yana gona, kin yi rashin kunya, ya yafe miki. Kada ki ambaci bawul, kada kuma ki ce ashe kwanrod ne. Ba a neman gafara da ƙarya. In ya tambaye ki yadda kika gane, ki faɗa masa gaskiya: ta taga kika koya daga babanki, babanki kuma a hannunsa ya koya. Mutumin da yake kiranki Uwata zai yi wuya ya bar ki a tsugune.

Sauran aikin na babanki ne. Ya kira masu tsokanar nan ɗaya-ɗaya a waya ya ja musu kunne, ya sa su kira dattijon. Ya nemi Jafaru ma ya kira ya yi godiya, don Baba Maude ne ya fara amsa masa. Bayan haka babanki ya yi magana a zauren da muryarsa, a taƙaice: an tura saƙo daga wayarsa ba tare da ladabi ba, ya je ya ba ubangidansa haƙuri, kuma daga yau wanda ya mai da gyaran kuskure abin ba'a za a fitar da shi, ɗan Batsari ne ko ɗan Safana. Ba sai ya ambaci sunanki ba. Kada kuma ya mayar da Baba Maude zauren sai ya ce a mayar da shi. Mutum goma sha ɗayan nan kada a bi su da roƙo, inda dattijo ya sa gaba nan za su bi.

Mai yiwuwa ranar farko ya amsa gaisuwa a daƙile. Kada ku karaya, ku sake komawa. Zai iya yafewa ya ce shi da zaure har abada, wannan ma nasara ce. Zaure na iya samun wani gwani, babanki ba zai samu wani Baba Maude ba.

Kunnen nan naki kuma baiwa ce, kada wannan abu ya sa ki toshe shi. Nan gaba in kin ji abu, ki faɗa wa babanki, shi ya san ƙofar da zai bi da shi. Ki kuma roƙe shi ya sa ki a sakandare, don yarinyar da ta rubuto mini wannan takarda bai kamata ta tsaya a aji shida ba.

Ki yi wa Innarki magana yau, kada ki kai gobe. Allah ya sanyaya zuciyar Baba Maude, ya saka wa babanki da alheri, ya kai ku Safana lafiya ya dawo da ku da farin ciki.

Gwaggonki,
Turai