Mangwaron da Ya Shuka a Kan Bangon Dam

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Maigidana ya rasu wata bakwai ke nan. Abin da ya bar mana gona ce da ɗan dam na ƙasa da ya tare rafi da shi shekara sha tara da suka wuce. Katafila ta yi kwana huɗu, sauran shi da ƙannensa suka ƙarasa da shebur. Da ruwan muke noman rani, shanun maƙwabta ma nan suke sha. A kan bangon ya shuka mangwaro biyar, kowace haihuwa ɗaya, wai saiwar za ta riƙe ƙasa. Na tsakiyan na 'yarmu ne da ta rasu tun tana rarrafe. Kullum da la'asar a gindinsa nake zama. Ba na yin komai, zama kawai.

Sati biyu ke nan na ga ruwa yana tsattsafowa ta bayan bangon, daidai saitin na tsakiyan. Da farko garau yake, yanzu ya koma ja, da laka. Ƙanin mijina ya kawo injiniya, ya duba ya ce saiwoyin ne suka huda bangon, sai an cire bishiyoyin duka. Na kore su, Anti, ni da ban taɓa ɗaga wa ƙanin mijina murya ba. Ƙasa da mu akwai gidaje shida, na sani. Amma in na yarda, kamar na ce marigayi bai san abin da yake yi ba, ga shi ba ya nan balle ya kare kansa. Ba za a iya toshe wurin da buhunan yashi ba?

Matar Mai Dam

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki da 'yarki, ya sanyaya miki zuciya. Mutane da yawa sun ɗauka bishiya tana ƙarfafa bango. Da kyakkyawar niyya ya shuka, kuma cire su ba zubar masa da mutunci ba ne.

Amma ba zan ɓoye miki ba, injiniyan yana da gaskiya. Lakar nan da kike gani, cikin bangon ne ruwa yake kwashewa kaɗan-kaɗan. Buhun yashi ɓoye miki matsalar kawai zai yi, kuma irin wannan bango ba ya sallama kafin ya fashe.

Yau ɗin nan ki ba ƙanin mijinki haƙuri, ya dawo da injiniyan, a fara rage ruwan yadda ya tsara. Kada kowa ya taɓa bishiyoyin kafin nan. Ki aika a sanar da gidajen nan shida, ke kuma ki daina hawa bangon. Idan ruwan ya ragu, ki sa mai lambu ya yanki reshe daga kowanne ya yi masa aure, wato ya haɗa shi da sabon dashe, a shuka nesa da dam.

Ranar aikin ba dole ki tsaya ki kalla ba, ki wuni wajen danginki. Amma izinin daga bakinki ya kamata ya fito, kuma kada ya kai gobe. Allah ya tsare ki da maƙwabtanki.